Zuwa ga Bawana na Zazzau, Telan da Rabin Yadi Ya Kayar

Bawana, ɗan gwaggo. Ka miƙa gaisuwata ga uwargidanka, baiwar Allah, wadda na tabbata zaman da take yi da kai kaɗai ya ishe ta guzurin lahira. Ka gaishe mini da yaran shagonka, ka ce ina taya su haƙuri da ubangidan da ƙaddara ta haɗa su da shi.

Na so in rufa maka asiri, domin ko ba komai jini ɗaya ne. Uwarka ƙanwar ubana ce, kuma ba laifinta ba ne da aure ya kai ta Zazzau ta haifo mana kai. Amma maganar da aka ɗaura a gaban jama'a, a gaban jama'a ake kwance ta. A tsakar gidanmu na Burum-Burum, ranar sunan nan, mata sun cika, ka shigo gaida tsofaffi, ka tarar ina ƙorafi cewa jikata ta gama mini da riguna. Na ce zan ɗinka mata ɗan walki na yadi, wanda za a riƙa rataya mata a wuya a ɗaure a baya, ya tare manja da kunu. Ban tambaye ka ba, ban ko dubi inda kake ba. Kai ka gyara zaman hularka, ka ce in bar wannan ɗinkin ƙauye, za ka aiko mata da wanda za a yi labarinsa daga nan har Riruwai. To, an yi labarin. Na ji ma ya wuce Riruwai.

Saƙon ya biyo motar Kano, direba ya sauke shi a Kwanar Ɗangora, wani ya ƙaraso mini da shi Tudun Wada, tamu ta Ɗankadai, ba waccan taku da kuka ware wa baƙi a bayan ganuwa ba. Tun daga nauyin ƙunshin jikina ya ba ni. Na kwance, sai ga shadda. Shadda fa, Getzner, wadda ake kawowa tun daga Ostiriya, fara ƙal, ragowar rigar wani alhaji da ban sani ba ko ya san ka rage. Ka yi mata shafi a ciki. Ka zauna ka zuba mata aska biyu a ƙirji da zaren tsamiya. Ka jera maɓallai shida a ƙugu. Wuya kuma ka zagaye shi ka rufe ruf, ba tsaga, ba igiya. Duk wannan domin yarinyar da babbar sana'arta a duniya ita ce tuwon ƙasa.

Muka kira ta, ta taho da gudu tana murna. Wuyan ya sauka a tsakiyar kai ya ce nan zai kwana. Uwarta ta ja, yarinya ta tsala ihu, kaji suka watse. Sai da na sa reza na farke kafaɗa ɗaya kafin kai ya wuce. Da ya wuce kuma maɓallan suka ƙi haɗuwa, domin lissafinka na cikin yaro ne kafin ya karya, ba ka san akwai cikin bayan ɗanwake ba. Da ƙyar muka maƙala biyu, sai ta tsaya ƙiƙam, hannuwa a ware, kamar buhun masarar da aka jingine a bakin titin Doguwa ana jiran mota. Ko sunkuyawa ta kasa. Kakarta ta wajen uba ta ɗago kai daga tsintar shinkafa, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, “Wa aka naɗa?”

Awon da ka yi gaba ɗaya a waya ka yi shi. “Yarinyan nawa ne shekarunshi?” Haka ka tambaya, da wannan Hausar taku. Na ce uku da 'yan watanni. Ka ce shi ke nan, ka gane.

Ba ka gane komai ba. Kai da ka saba da alhazai da hakimai, a tunaninka yaro babban mutum ne da aka rage wa tsawo da faɗi daidai wa daida. Ba haka Allah ya yi shi ba. A jikin yaro kai ne ke riga kowa girma. Ɗan shekara uku zagayen kansa yakan kai inci 19 zuwa 20, alhali hular da ke kanka yanzu lamba 22 ce, in ta yi yawa 23, kuma a naka ma rabin wurin girman kai ne ya cike shi. Tsakanin kanka da nata inci uku ne kacal, amma wuyanta da ƙyar ya wuce inci 10. Ka ƙara da kitso, musamman ranar da aka yi mata shuku aka zuba duwatsu. Saboda haka telan da ya yanka wuya daidai wuyanta, kai ba zai wuce ba. Wanda kuma ya buɗe shi don kai ya wuce, rigar za ta zazzago har cibiya, ƙirji a waje, wato daidai wurin da kunu ke sauka. Nan ne duk wahalar wannan ɗinki take, kuma nan ne ka bi ta kai da aska biyu ba ka ko gan ta ba.

Sai kuma girma. A waɗannan shekaru yaro yana ƙara tsawon inci biyu da rabi zuwa uku duk shekara. Abin da ka ɗinka cif-cif da ƙaramar salla, kafin a sake ganin watan azumi ya zama na ƙanwarta, in Allah ya kawo ƙanwar. In bai kawo ba ya zama tsumman goge tukunya.

Ban yi mamaki ba, domin hangen gobe ba gadonku ba ne. Tarihin Kano ya ajiye mana labarin. Da yaƙin jihadi ya fitar da Sarkin Kano Muhammadu Alwali daga birni, wurinku ya nufa. Maimakon ku ba baƙo ruwa, sai kuka tsare shi da tambayar me ya raba shi da garinsa. Ya gaya muku cewa abin da ya koro shi yana nan tafe wurinku, kuka kore shi da baƙar magana. Ya juyo ta Rano, aka biyo shi har Burum-Burum, nan kwanansa ya ƙare a 1807. Ba a jima ba, a 1808, Malam Musa ya shigo Zazzau, Sarkinku Makau ya kama hanyar kudu sai Zuba, daga baya 'yan'uwansa suka kafa Abuja ta farko, wadda yau ake kira Suleja. An zo har gida an gaya muku abin da zai faru baɗi, kuka tsaya kuna auna yau. Na san abin da za ka ce, za ka ce ai a garinmu aka kashe shi. Gaskiya ne. Amma mu ba mu kore shi ba, kuma ba mu tsaya yi masa tambayoyi a bakin ƙofa ba.

Yanzu ka cire tef ɗin nan da kake ratayawa a wuya har masallaci don a san kai tela ne. Ka zauna a tabarma, ka naɗe ƙafa, 'yar kawunka za ta koya maka sana'arka.

Rabin yadi ya isa, inci 18 ke nan, tunda ku sai an fassara muku. Ba sai ka je Kantin Kwari ba. Duk macen da ta taɓa yanka turmin atamfa ta fitar da riga da zane da ɗankwali daga yadi shidan nan, ta san akwai abin da ke saura, kuma ta san inda ta ɓoye shi daga idon tela. Sai dai ka tabbata auduga ce. Wannan ba maganar ado ba ce. Yarinyar nan rabin wuninta a gindin murhu take yinsa, tana leƙa tukunyar uwarta, kuma a garin nan da mata ke turara shinkafa wuta ba ta mutuwa a tsakar gida. Auduga ma tana ci, ban ce ba ta ci ba, amma yadin roba in wuta ta taɓa shi narkewa yake yi ya manne a fata, sai dai a cire shi tare da ita. Gwajin ba wuya. Ka yanko ɗan ƙyalle ka kai shi bakin ashana. In ya ci ya bar toka mai laushi da warin takarda, auduga ce. In ya ƙanƙance ya dunƙule ya zama baƙin ƙullutu mai tauri, roba ce, ka ajiye ta can. Da can ba ma bukatar wannan gwaji, lokacin da masaƙun jiharku ke aiki. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta tufatar da iyayenmu da audugar da aka noma a ƙasar nan, ta rufe a 2002, sauran suka bi bayanta ɗaya bayan ɗaya. Yanzu kasuwa ta cika da atamfa mai sheƙi daga Sin, wadda ido ba ya rarrabe ta da ta ƙwarai sai hannu ya taɓa. Ban ce kai ka rufe masaƙun ba, amma a jiharku suke, kuma ban ji ka yi wani yunƙuri ba.

In yadin sabo ne, ka wanke shi ka shanya kafin almakashi ya taɓa shi, domin auduga tana tsukewa a wankin farko. Gara ta tsuke tana ƙyalle da ta tsuke tana riga.

Ka fitar da faɗin inci 18, tsawo inci 24. Ninka shi biyu a tsaye. A bakin sama, daga ninkin, auna inci 5 ka ɗiga alli. A gefen da yake buɗe, daga sama ka gangaro inci 9 ka sake ɗigawa. Ja layi tsakanin ɗigon biyu, ka yanke. In ka buɗe za ka ga sama ta tsuke ta zama ƙirji, ƙasa ta baje. Layin nan miƙaƙƙe na ce. Na san hannunka, da ya hango hammata sai ya fara zagaye, yana neman gwaninta. A nan gwanintar ce za ta kashe ka, domin bakin da aka yanka a lanƙwashe ba ya ninkuwa ya kwanta, sai ya yi ta tattarewa yana murguɗewa, kuma wannan bakin shi ne za mu ninka.

Ka fara kalmashe bakin sama, sannan gefe biyu na ƙasa, sannan gindi. Waɗannan ko yaron shagonka da ya zo jiya zai yi. Bakunan nan biyu da ka yanka a karkace su ne na ƙarshe, kuma dole su zama na ƙarshe, in ba haka ba kalmasar sama za ta toshe maka hanya. Ninka kwatan inci ka goge, ka sake ninka inci guda cur ka goge, sannan ka bi bakin ninkin da keke, ka bar sama a buɗe, ƙasa a buɗe. Dutsen guga na gawayi ya wadatar. Kada ka ja yadin yayin da allura ke tafiya, domin duk abin da aka yanka a karkace miƙewa yake yi in an ja shi, ka gama ka ga gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo ka ce aljanu ne. A bakin kowace kafa ka koma baya ka maimaita ɗinki sau biyu ko uku, nan ne igiya za ta riƙa ci kullum.

Ka gane abin da ka ɗinka? Ƙubaka ce. Ƙubakar wando, guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Dabarar da ta gagare ka tana ɗaure a ƙugunka tun ranar da aka raba ka da bante. Na san ka kana saurayi iska na neman ɗaukarka, na kuma gan ka ranar sunan nan tumbinka ya riga ka shigowa gida, amma ban taɓa jin ka kai wando an ƙara masa ƙugu ba. Mazagi ne ya rufa maka asiri duk tsawon shekarun nan, kai kuwa ko godiya ba ka yi masa ba, har ka manta da shi ranar da ya kamata ka tuna.

Igiyar guda ɗaya ce tal, doguwa. Ka nemi tsohon zane wanda tsakiyarsa ta mutu amma gefensa na da rai. Zane yadi biyu ne, inci 72, daidai abin da ake bukata ba tare da haɗi ba, haɗi kuwa shi ke maƙalewa a cikin ƙubaka. Ka tsago faɗin inci 3 a tsawonsa, ka ninko baki biyu su haɗu a tsakiya, ka sake ninkawa biyu, ka bi da keke. Zai fito bai kai inci guda ba, ya yi faɗin da ba zai yanki wuya ba, ya kuma yi sirantar da zai zirara a cikin ƙubaka. Ka zura shi yadda kake zura mazagi, da tsinke ko bututun biro. Ka shiga ta ƙasan dama ka fito ta sama, ka bar abin da zai zagaya ƙeya, ka shiga ta saman hagu ka fito ta ƙasa. Ka ƙulle bakin kowane ɓangare ƙulli mai kauri don kada wanki ya zare shi.

An gama. In za a sa mata, a saki igiyar, madaukin wuya ya buɗe ya ɗauki kai da kitsonsa da duwatsunsa ba kuka. In kai ya wuce, a ja bakin igiya biyu, ƙirjin ya hau har ƙarƙashin haɓa, a zagaya baya a ɗaure. Bana zai ɗan wuce mata gwiwa, baɗi ya tsaya a gwiwa, shekara mai bi masa ya hau sama kaɗan, duk ba a sake taɓa allura ba. Yayanta ɗan shekara shida yana sa shi ranar da ya ga dama ya taya ta ɓarna. Na ɗinka shi tsakanin azahar da la'asar, a keken Butterfly na ƙafa da aka sa mini a kayan ɗaki, ban jira wuta ba, ban kunna janareta ba. Wadda ba ta da keke ma za ta yi shi da allura da zare kafin magariba, ɗinkin duk miƙaƙƙe ne.

Daga abin da ya rage na fitar da aljihu na manna a ƙasan cibiya. Ba dole ba ne, amma in kana son yaro ya yarda ya sa abu da kansa, ka yi masa aljihu. Ka dai riƙa lalubawa kafin wanki. Na tarar da gyaɗa, na tarar da ƙwallon mangwaro, na tarar da murfin kwalba, wata rana na tarar da ƙwaro da ransa, shi ma yana mamakin yadda aka yi.

A nan zan ajiye wasa kaɗan, domin masu karatu da yawa za su gwada, kuma ba duka ne Zage-zagi da za a bari su koya da wahala ba. Igiya a wuyan yaro ba abin sakaci ba ce. Ƙirjin rigar yana hana madaukin rufewa gaba ɗaya, amma duk da haka a cire masa kafin barci, a cire kafin ya fita wasan hawa bishiya ko katanga, kuma kada a kuskura a aike shi wurin injin niƙa da igiya tana reto a baya, bel ɗin injin ba ya tambaya. A yi ɗaurin da ja ɗaya ke warwarewa, ba ƙullin da sai an sa haƙori ba. In igiyar ta yi saura da yawa a zagayo da ita gaba a ɗaure, ko a rage ta. Jaririn da bai fara tafiya ba wannan ba nasa ba ne. Maɓalli kuma, ɗan gwaggo, duk wadda ta yi reno ta san inda maɓalli ke ƙarewa a hannun ɗan shekara uku, in ba baki ba to hanci. Kai ka aiko da shida. Ban sani ba ko kana da wani ƙulli da ni da ba ka faɗa ba.

Kada ka ce na raina sana'arka. Ban raina ba, kuma ba zan bari wani ya raina a gabana ba, ni kaɗai ke da wannan izini. Kowa ya san in ana maganar ɗinkin hannu a ƙasar Hausa dole a ambaci birnin Zazzau. Na ga yadda kuke zama a zaure da riga a cinya wata da watanni, kuna bin zanen alli da allura har aska takwas ta fito, tambari ya zauna a mazauninsa. Na ga malum-malum da ta fito daga hannunka, na yi shiru, domin in na yaba za ka ji. Na kuma san matan birninku sun shiga aikin nan suna ci da kansu, wanda ya sa nake zargin rabin abin da kake taƙama da shi a cikin gida ake yi maka. Amma duk rigar da ka taɓa ɗinkawa an yi ta ne don a kalla. Mai ita yana tafiya yana tattare hannu, yana duba inda zai zauna, in an kawo miya ya ja baya. Wannan kuwa an yi ta ne don a ɓata. Ranar da uwa ta fara jin ciwon tabon da ke jikinta, ta daina aiki. Da mun bar wa yarinyar nan farar shaddarka, da sai mun ɗinka wa walkin wani walkin da zai tare masa datti, shi ma in daga wurinka ya fito a nemo masa na uku.

Ka manta irin ƙasar da uwarka ta fito ne? Nan ba birni ba ne da yaro ke wuni a kan siminti. Ƙasarmu ja ce, damina a nan ta fi ta birnin Kano nauyi, in aka yi ruwa tsakar gida ta zama abin da yara ke jira tun rani. Ga ruwan rake da ke gangarowa ta gwiwar hannu, ga mangwaro a lokacinsa, wanda tabonsa ba ya jin sabulu. Ga kifin Tiga, da tun da aka gama dam ɗin a 1974 zamanin Audu Bako bai daina shigowa tukwanenmu da manja ba. Ga tawadar makarantar allo, domin ta fara bin yayanta, kuma ta ɗauka tawada abin sha ce. Kowanne daga cikin waɗannan a ƙirji yake sauka. Kafin walkin nan riga uku ake cire mata a wuni, da tsadar sabulun nan. Yanzu guda biyu na ɗinka, ɗaya na jikinta ɗaya na kan igiyar shanya, a ɗauraye a matse, kafin a idar da salla ya bushe.

Kuma kada ka ɗauka wani sabon ilmi na kawo daga waje. Ka je maƙera ka ga walkin fata a ƙugun maƙeri, ka je mahauta, ka tambayi tsofaffin mafarautan da suka san dajin Falgore tun kafin a hana farauta. Ba wanda ya taɓa kai ƙugunsa wurin tela aka auna kafin a yanka masa walki. Fata ce da igiya, uba ya ɗaura, in ya tsufa ɗa ya karɓa ya ƙara tsukewa. Mutanen da ba su taɓa riƙe tef ba sun warware abin da ya kayar da mai shago da allon suna a bakin titi.

Za ka so ka san inda shaddarka ta ƙare. Uwar yarinyar ta so ta ninke ta a ƙasan akwati, wai ko wata rana. Na ce wace rana, ranar da kanta zai ƙanƙance? Maigida ne ya raba gardama, ya ɗauka ya lulluɓe rediyonsa da ita saboda ƙura. Ta zauna daram. Ashe awon rediyo ka yi. Yanzu duk baƙon da ya shigo ɗakinsa sai ya tambayi wane ne wannan da aska biyu a kan tebur, shi kuma ya ce aikin Zazzau ne, ya faɗi sunanka da unguwarku, bai rage komai ba. Maɓallan na cire na zuba a gwangwani, suna nan in kana so.

Saura hukunci. Kowace shekara in watan cika-ciki ya kama sai mun yi gardamar wa ke bin wani kuɗin shara, kai ka kawo hujjar ɗan mace, ni in kawo ta 'yar namiji, a tashi ba wanda ya ba wani ko sisi. Bana gardama ta ƙare, kai za ka biya, har da na shekarun baya, kuma ba na karɓar alkawari a waya. In an yi kaka, an kai masara gida, hanya ta bushe, ka shigo mota ka zo. Ka tsaya a hanya ka sayo mazarƙwaila, ita ce kuɗin makaranta. Ina da 'yan mata masu koyon ɗinki a wurina, na riga na gaya musu za a kawo sabon ɗalibi mai furfura, su yi haƙuri da shi, ba ya kama abu da wuri, daga Zazzau yake. Ƙaramarsu ce za ta duba aikinka, in ta ce a farke, a farke. Za ka ɗinka guda uku na jikokinka, waɗanda na ji labarin har yanzu da tsohon ɗankwalin kakarsu ake ɗaure musu wuya in za su sha koko, a gidan tela.

Yadi ni zan bayar, zare ma haka. Almakashi dai ka taho da naka, ba na ba Bazazzagi aron nawa.